Littafin Takardar Siminti da Jikana Ya Ɗinka

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, mai tauna goro ya ɗan dakata. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce. A kan idona aka yi shi, a gidanmu da ke wani ƙauye a yankin Kurugu ta ƙasar Karaye, kuma har ranar da za a kai ni makwancina ba zan manta da shi ba. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Faɗa nake yi, ana rubutawa.

Ina da jika namiji, ɗan babban ɗana, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Sana'arsa zanen hula. Ga wanda bai sani ba, kafin mace ta sa allura a hula sai mai zane ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zana mata hanyar da zare zai bi da biro ja da shuɗi da kore. In zane ya karkace, duk gwanintar mai ɗinki ba za ta miƙe shi ba. To shi wannan jika nawa Allah ya ba shi hannu. Bai taɓa kwaikwayon kowa ba. Zai zauna a kan tabarma, can sai ka ga biro yana tafiya shi kaɗai kamar ya san hanya. Ranar kasuwar Karaye dillalai har jiransa suke yi a bakin tasha. Matarsa ma gwanar ɗinki ce, shi ya zana ita ta ɗinka, da haka suke ci suke sha.

Ana nan, ana nan, sai wani babban ɗan kasuwa ya zo daga Kano da hoton wata hula a wayarsa, ya ce irinta yake so, kada a ƙara kada a rage. Jikana ya zana. Ya ce a ƙaro, aka ƙara. Damina biyu da rani biyu yana zana abu ɗaya tak, har ya kai yana yi yana hira bai ko duba ƙyallen ba. Da yayin hular ya wuce, mutumin ya ce, to yanzu a kawo sabo.

A nan ne abin ya faru. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗauki biro, ya zauna tun hantsi har aka kira azahar bai ɗiga ko ɗigo ba. Washegari ya ja layi biyu, ya dube su, ya ture ƙyallen. Ya ɓata na farko, ya ɓata na biyu, ya ɓata na biyar, kuma ƙyallen nan duk na mutane ne. Daga nan sai ya fara tsoron farin ƙyalle kamar yadda ake tsoron maciji. Dillalai suka gaji suka koma wurin wasu. Allurar matarsa ta yi tsatsa a jikin hular da ba a gama ba.

Mu kuwa muka ce ido ne. Na nemo rubutu, na yi masa hayaƙi, ya karɓa da ladabi ya sha, don yaro ne mai kunya. Amma ya ce mini, “Iya, babu wanda ya yi mini komai. Rijiyar ce ta ƙafe.” Ranar da ya gama noman gyaɗa na biyu ya tara mu ya ce ya yanke shawara: ana gama girbi zai bi wani abokinsa kudu ya yi dako, shi da biro kuma har abada. Matarsa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na san in ya tafi a haka, ko ya dawo ba shi ne zai dawo ba.

Kwanci tashi, wani maƙwabcinmu ya fara ginin bulo, buhunan siminti na takarda suna ta yawo a bayan gida. Wata safiya na ga jikana ya kwaso su runguma guda. Ya ɓare na ciki masu tsabta, ya karkaɗe, ya yanka su daidai wa daida da reza, ya zuba gawayi a dutsen guga ya goge su ɗaya bayan ɗaya har suka kwanta. Sannan ya zo ƙofar ɗakina.

“Amarya, a ara mini basillar da kike ɗinkin faifai.”

Na ce, “Angon da ba ya cefane, kullum sai aro. Me za ka yi da ita?”

Ya ce, “Wallahi Iya ban sani ba. Kaina babu komai, amma hannuna ya ƙi zama.”

Na ba shi, na zauna ina kallo. Ya ninka takardun nan biyar biyar, ya huda gindinsu da basilla, ya ɗinke da ragowar zaren hula. Ya jiƙa ƙaro ya yi kauri, ya ɗauko ƙyallayen nan da ya ɓata, waɗanda ko kallonsu ba ya son yi, ya manna su a kwali suka zama bango. Ya ɗora turmi a kai ya kwana. Da aka ɗaga turmi sai ga littafi, littafi sosai, yana buɗuwa yana rufuwa. Na ga littafin kanti, amma ban taɓa sanin mutum zai iya yin nasa a tsakar gida ba.

Ya yi na biyu, ya yi na uku. Kowanne ya fi na baya. Ya koyi yadda zai ja zare kada takarda ta yage, ya samo guntun jar fata wurin dukawa ya yi wa gindin wasu, ya kitsa musu igiyar ɗaurewa. Fuskarsa ta ɗan saki, ya koma cin tuwo da kyau. Sai dai duk littattafan nan wayam suke. Ya iya yin su, amma bai yarda biro ya taɓa ko ɗaya ba. Girbi kuwa yana ta matsowa, dawa ta fara sunkuyar da kai.

Wata rana da la'asar ya kawo mini wanda ya fi duka kyau, mai jar fata, ya durƙusa ya miƙo da hannu biyu. Ya ce, “Tukwicin basilla.”

Na buɗe, na juya, na juya har ƙarshe. Na mayar masa.

Ya ce, “Bai yi miki ba ne?”

Na ce, “Kai ɗan gidan nan ne kuwa? Yaushe ka taɓa ganin an aika wa mutum kwano babu komai a ciki? Ko maƙwabciya ce ta kawo mana fura, ba ma mayar da ƙwaryar sai da ɗan wani abu, ko gyaɗa ce cikin tafi. Ni za ka kawo wa kwano wayam?”

Ya yi dariya ya ce, “Iya, ai shi littafi haka ake ba da shi, mai shi ne ke cikawa.”

“Da me zan cika, ni da ban san alƙalami ba? Ka zuba mini wani abu, ko ka kwashe kayanka.”

Ku sani, ba dabara nake yi ba. Har ga Allah na ɗauka rashin ladabi ya yi mini. Ya ce babu abin da zai fito daga hannunsa sai ɓarna. Na ce, “Ɓarnar me? Buhun simintin wa za ka ɓata? Wa zai zo ya ce ka biya shi?” A daidai lokacin zabuwata ta fito daga bayan rumbu tana tsince-tsince. Na ce, “Ga ta nan, sa mini ita.”

Ya karɓi biro daga hannun matarsa kamar an miƙa masa garwashi. Ya zana. Jama'a, da ya nuna mini sai da na riƙe ciki. Na ce, “Wannan tulu ne aka yi wa ƙafa!” Matarsa ta leƙo ta ce ita dai kabewa ta gani. Shi kansa ya yi dariya har da hawaye, dariyar da muka yi wata da watanni ba mu ji ba. Sai ya ce, “Tsaya, ba haka wuyanta yake ba.” Ya buɗe shafi na gaba.

Abin da ya sa nake jinjina wa yaron nan ke nan. Wani da an yi masa dariya zai jefar ya tashi. Shi kuwa mutumin da dillalai ke jira a tasha, ya zauna a ƙasa yana bin zabuwa da ido kamar bai taɓa riƙe biro ba, bai ji ƙasƙanci ba. Ya zana ta sau bakwai kafin magariba. Na ce ba zan karɓi littafin ba sai ya cika, ya ce ya ji.

Daga ranar littafin yana aljihunsa. In ya je gona sai ya zana ganyen gyaɗa, ya fasa kwanson ya zana layukan da ke jikinsa. Ya zana zangarniyar dawa, ya zana saƙar zanar da ta kewaye gidanmu, ya zana sawun kaji a kan laka. Har tsagen fuskata sai da ya sa na zauna ya zana, ina ta yi masa tsiya. Rabinsu ba su da kyau, ya bar su a haka, bai yage ko ɗaya ba.

Muka je suna gidan ƙanwata a Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, ya kai ni a babur. Ana can ana hidima na neme shi na rasa. Ashe yana ƙofar gida ya tsare wata dattijuwar Bafillatana mai tallar nono, ya tsuguna gaban ƙoranta yana zana adon da aka ƙona a jikinsu. Na iske tana ce masa, “Malam, ka sayi nono ko ka ba ni hanya, ƙwaryar ba ta sayarwa ba ce!” Ya sayi nonon duka don ta zauna. Ta zauna kuwa, har tana nuna masa da yatsa inda mai yin ƙwaryar ta fara da inda ta ƙare.

Aka yi girbi, aka kai dawa rumbu. Abokin nan nasa ya aiko cewa ranar Laraba da sassafe za su kama hanya. Jikana bai ce ya fasa ba, matarsa ta wanke masa kaya ta ɗaure. Farin ƙyalle ɗaya ne ya rage a gidan, nata ne, ta ɓoye shi a ƙasan akwati. Ranar Talata da hantsi ta ɗauko shi, ta shimfiɗa a tabarmarsa, ta koma madafa. Ina zaune a inuwa ina ɓarar gyaɗa.

Jikana ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sai ya ciro littafin ya ajiye a gefe, ya buɗe wurin zabuwa, ya buɗe wurin ƙwarya, ya yi bisimilla. Ya ɗauki ɗige-ɗigen gashin zabuwa ya watsa a tsakiya, ya kewaye su da layukan kwanson gyaɗa, ya kawo adon ƙwaryar nan ya yi wa bakin hula. Bai ɗaga kai ba sai da aka kira la'asar. Matarsa ta zo ta tsaya a kansa, ta duba, ta duba, sannan ta ce, “Wane launi za a sa a nan?” Ya ce, “Baƙi da fari, sai ja kaɗan.” Ta wuce neman allura.

Da sassafe abokin ya tsaya da babur a ƙofar gida yana ta hon. Jikana ya fita ya ce masa, “Allah ya kiyaye hanya, ni ina da aiki.” Da ya dawo ya kwance ƙullin kayansa, ya kawo mini littafina cike taf, na karɓa na sa masa albarka.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Abokin ya yi rani uku a kudu ya dawo da ciwon baya, yana nan yana noma. Ɗan kasuwar Kano ya sake zuwa da hoto a waya, jikana ya ba shi ruwa ya sha, ya ce ya yi haƙuri, ba ya zana abu ɗaya fiye da sau goma. Bafillatanar ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sanin adon ƙwaryarta yana yawo a kan mazaje a masallacin Juma'a ba. Matar jikana tana da mata shida da take koya wa ɗinki. Zabuwar kuwa, da aka yi baƙi na ce a yanka, shi ya hana, tsufa ne ya kashe ta.

Shi kuma yana nan yana zanensa. Kada ku zaci abin bai sake dawo masa ba, ya dawo har sau biyu. Amma yanzu ba ya firgita, mu ma ba ma neman hayaƙi. Abin da na koya a wurinsa da tsufana shi ne, in zuciya ta yi shiru kada a tsaya ana yi mata faɗa, a ba hannu ɗan aikin da babu mai auna shi, ita za ta biyo baya da kanta. Don haka in kun bi ta ƙauyenmu kuka ga wani magidanci da furfura a gemu yana tsintar buhun siminti a bayan gini, ku gaishe shi da kyau. Ba taɓuwa ba ce, sabuwar hula ce ke tafe.