Rumbun da Ya Ci Gasa

Taubashina akawu ne a biro, wato ofishin Kumandan, Baturen mulki na Dakoro, kuma tun ranar da ya sayi akwatin ɗaukar hoto ba mu sake hutawa ba. Jaki ba ya tsira, tsohuwa mai daka ba ta tsira.

A shekarar, matar Kumandan ta sa gasar hoto tsakanin ma'aikata, wai a nuna albarkar ƙasa, a ba da kyauta ranar bikinsu na Turawa na tsakiyar damina. Sai ga taubashi a gidana can hanyar Ɗan Gulbi, da rani, yana zagaya ɗan rumbun da nake da shi. Rumbun nan bai wuce kafaɗata ba. Hatsin cikinsa shi ne abin da zai kai ni da iyalina kaka, in an yi tsimi.

"Bawana, je ka can gindin aduwa ka tsaya," in ji shi.

Na ce, "Kai ne bawana. Wane irin hoto ne ake korar mai shi?"

Na dai tafi. Shi kuwa ya kwanta rub da ciki dab da rumbun, da farin wandonsa, cikin kashin kaji. Ya ce in ɗaga kai sama in buɗe baki. Ni ma da wauta na buɗe.

Da hoton ya fito, rumbun ya cika takarda har ya kusa taɓo gajimare, ni kuwa ga ni a gefe ɗan mitsitsi kamar ƙwaro, ina kallonsa baki sake. Ya ci gasa. Aka ba shi agogon hannu, aka rataye hoton a biro.

Kwana uku bayan biki Kumandan ya iso da gardi biyu masu bindiga da raƙuma, taubashi na biye. Lokacin ana karɓar hatsi daga masu yalwa a kai rumbun gwamnati. Ya dubi rumbun nawa, ya dubi hoton da ke hannunsa, ya sa a tambaye ni ina na ɓoye babban.

Na rantse wannan ne kaɗai. Taubashi ya shiga bayani da Faransanci, har ya sake kwanciya a ƙasa yana nuna yadda abin kusa ke girma, na nesa ya ƙanƙance. Kumandan ya saurara sarai. Sannan ya ce hoto ba ya ƙarya. In kuwa wannan ya yi ƙarya, to an yaudari matarsa, sai a mai da agogo.

Na dubi taubashi. Ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya duba ƙarfe nawa. Wallahi har yau in na tuna kakkaɓar wandon nan raina ɓaci yake.

Suka kwashe rabin ƙaramin, wai kafin in tuna inda babban yake. Daminar nan da ganyen tafasa da 'ya'yan anza muka ƙarasa ta, matata ta rame har awarwaro na zame mata.

Daga baya ya aiko mini da hoton kyauta, don zumunci. Yana nan cikin adaka. Jiya jikata ta ciro shi, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kaka, ashe ku da can ba ku san yunwa ba."