Zaren Ulu a Jikin Jif ɗin Yaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayana bayan ciwon ƙirji na yini ɗaya. Sai yau na iya zama in rubuta wani abu, shi ma da ƙyar.

Yaya, duk gidan nan Inna muke wa fargaba, ba kai ba. Tun da ƙodarta ta gaza, kai ke kai ta wankin ƙoda a asibitin da ke can wani gari, ka dawo da ita, mako bayan mako. Tsohuwar jif ɗinka kuwa shan mai take kamar an huda tankin. Kowa ya ce ka sayar ka sayi ƙarama. Ka ce Inna ba ta iya zama bayan wanki, sai a kwance, kuma ƙaramar mota ba ta ɗaukar katifa.

Sai ka koma faɗa da iska. Ka ce a babbar hanya rabin man ba tafiya yake yi ba, ture iska yake yi. Ka kwance kariyar ɗaukar kaya da ke saman motar, ka cire ƙaton ƙarfen gaba da kake alfahari da shi. Ka kwanta a ƙasa wurin mai walda, kuka rufe ƙarƙashinta da falankin alminiyam. Sannan ka manna guntayen zaren ulu da salatif tun daga boneti har baya, ka sa ni in bi ka a babur in ga inda zaren ke kwanciya da inda yake rawa. Duk inda ya yi rawa, nan za ka koma da guduma.

Unguwa ta samu abin dariya, ni ma na taya su. Mai walda ya ce, “Maigida, wannan mota ce ko kaza aka fige?” Murmushi kawai ka yi. Amma daga lokacin tanki ɗaya ke kai ku ya dawo da ku, kuma Inna ba ta sake tsallake wanki don rashin mai ba.

Yanzu makullin yana hannuna. Gaskiya na gaji, Yaya, ga shi ko wata ban cika ba. Ban san yadda ka yi shekaru kana wannan hanya ba tare da ka taɓa cewa wash ba. A tafiyata ta farko zafi ya ishe ni, na sauke gilas, na taka mota don mu isa da wuri. Na ɗauka Inna barci take. Sai na ji muryarta daga kan katifa, a hankali: “Auta, ɗaga gilas ɗin, ka rage gudu. Kana ɓata wa yayanka aiki.”

Na ɗaga. Sauran zaren da ke kan boneti ya kwanta lif, ni kuma hawaye suka hana ni ganin hanya sosai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka, Ya sa yadda ka sauƙaƙa wa mahaifiyarmu hanya a sauƙaƙa maka taka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka. Inna kuwa ban san da wane baki zan yi mata ba. Allah Ya ba ta haƙuri, ni kuma Ya ba ni ƙarfin kai ta jibi.