Ranar da Aka Sa Mini Hular Wawa

Shekarun baya can, zamanin Turawa na riƙe da ƙasa, ina makarantar midil a Sakkwato, malaminmu Bature ya ce za mu yi wasan kwaikwayo irin na kakanninsu a gaban Razdan, babban Baturen mulkin lardinmu. Labarin wani sarki ne da wawansa. Da aka zo rabon aiki, 'yan aji duk suka juyo suna kallona, don kowa ya san mahaifina ne wawan fadar hakimi a garinmu, wajen Wurno. Ni da nake ta gyara murya ina jiran a naɗa ni sarki, sai na ji hula mai ƙararrawa a kaina.

Malamin ya ce kada in raina ta. A wasanninsu na da, in ji shi, wawa kaɗai ke da izinin gaya wa sarki gaskiya ido da ido.

Da na je hutu gida, na tarar an kwashe mazan ƙauyen Kwargaba da na unguwarmu zuwa aikin hanya na tilas, har da yayana, ga ruwan shuka ya sauka. Na ba mahaifina labarin wasan da za mu yi a gaban Razdan.

Ya ce, "Mi wawan nasu ka yi?"

Na ce, "Gaskiya shika hwaɗa ma sarki, Baba, cikin raha."

Ya ce, "To kai mi kaka jira? Ni na hwaɗa ma hakimi, yac ce hanyar ba tashi ta ba. Kai ko ga mai hanyar za a aje maka bisa kujera."

Ranar wasa, ana tsakiyar yi, na ba abokina da ke sarki baya. Na yi tsalle, ƙararrawa na kaɗawa, na durƙusa gaban Razdan, na ce da Hausa, "Ranka shi daɗe, mun gode da hanya! Yanzu yunwa ta samu inda za ta bi ta iso Wurno ba ta gaji ba. Manoma suna wurinka, shi ko gero har yau bai koyi shuka kanai ba."

Masu dafa abinci da 'yan doka da ke tsaye a baya suka fashe da dariya, sannan suka haɗiye ta. Razdan yana jin Hausa sarai. Fuskarsa ta yi ja kamar albasar fadama.

Washegari malamin ya kira ni ofis. Ko in nemi gafara gaban makaranta, ko in ɗauki akwatina.

Na ce, "Kai ka ce wawa yana da izini."

Ya ce, "A cikin wasa."

Na ce, "A cikin wasa na faɗa."

Na ƙi neman gafarar. Aka yi mini bulala, aka kore ni.

Mahaifina ya hango ni da akwati a ka. Bai tambayi dalili ba. Ya ce, "Sun yi dariya kahin su yi hushi?" Na ce sun yi. Ya ce, "To, shiga ka ci tuwo."

Maganata ba ta dawo da yayana ba, sai da damina ta yi nisa aka sako su, kuma mun sha wuya a shekarar. 'Yan ajinmu sun zama akawu da alƙalai, ni na tsufa ina noman albasa. Wasunsu in mun haɗu sukan ce ƙuruciya ce ta cuce ni. Su riƙe tausayinsu. Abu ɗaya ke damuna har gobe: muryata ta ɗan yi rawa a ranar, na so a ce ta fi haka ƙarfi.