Sulallan da Muka Bari a Kan Iyaka

Malumfashi zuwa Jibiya

Bayan sallar asuba muka bar Malumfashi, ni da Baba Sule, yayan mahaifina. An yi masa waya cewa ƙanwarsa, Gwaggo Hadiza, da ke aure a wani ƙauye arewa da Maraɗi, jikinta ya yi tsanani, sunansa kawai take kira. Baba ya bar masararsa a shanye, ko buhu bai ɗinke ba. Ƙarfe takwas muna Katsina, muka canza mota zuwa Jibiya. Shingayen hanyar sun ci mana lokaci, amma babu wanda ya tsare mu.

Kan iyaka

A nan muka canza naira zuwa sefa. Ɗan canjin ya ba mu manyan takardu, sannan ya tura mana tarin sulalla.

"Alhaji, ku haɗa da waɗannan. A can da su ake sayen komai."

Baba ya yi dariyarsa ta farko a ranar. "Malam, mu a wajenmu ko jikana ba ya karɓar kwabo. Su huda mini aljihu? Haɗa su ka ba ni takarda."

Na mayar wa ɗan canjin sulallansa. Ni ma na manta rabon da in riƙe sulai a hannu.

Maraɗi

Mun sauka ana kiran azahar. Motar ƙauyen saura mutum biyu ta cika, kuɗinta kuwa bai kai sefa dubu ba mu biyun. Na miƙa wa kwandasta takardar dubu goma. Ya dube ta, ya mayar mini.

"'Yan Najeriya ke nan! Ina zan samo canjin wannan? Ku nemo, ina jiranku kaɗan."

Mai shayi ba shi da canji. Mai burodi ya girgiza kai. Sai a wani kantin magani, can bayan tasha, aka karya mini ita bayan na sayi abin da ba na bukata. Da na dawo, na iske Baba tsaye shi kaɗai. Wasu mata biyu sun zo da sulallansu a ƙulle a bakin zane, mota ta tashi. Wata ba ta cika ba sai bayan la'asar.

Ƙauye

Muna shiga muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, ɗauke da makara babu kowa a ciki. Mijin Gwaggo ya riƙe hannun Baba, ya ce ta cika jim kaɗan kafin la'asar, kuma har ƙarshe idonta yana bakin ƙofa.

Gida

Kwana uku muka yi aka yi addu'a, muka juyo. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da mutanen ƙauyen da suka riƙe mu kamar nasu. A zaure matar Baba ta tare shi.

"Malam, kun gana?"

Ya cire takalmansa a hankali. "Na iske ƙasar kabarin da danshinta."