Manhajar Gargaɗi ta 'Yan Kasuwa

A shekarun da bom ke tashi a tashoshin mota, ina aiki a wani ƙaramin ofis a Pantami. Mu biyu ne, ni da wata 'yar Ibo haifaffiyar Gombe, wadda babanta ke sayar da kayan gyaran mota. Ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta ba mu aikin manhajar gargaɗi. Idan wani amintacce ya turo labarin hari, sai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da lambobin mutane, ta watsa wa kowa tes.

Abu ɗaya ya ba mu wuya. A cikin manhajar akwai wani sashe da muke kira mai sauraro, aikinsa ya kasa kunne ya jira saƙo. Sai muka gano da zarar an haɗa shi ba ya tsayawa a sauraro, kwashe tsofaffin saƙonnin da ke layi yake yi ya tura. Ga wuta kullum a ɗauke, kuma duk dawowarta sai saba ta sake haɗa shi. Abokiyar aikina ta ce idan gargaɗin makon jiya ya shiga wayoyi ana tsakiyar cin kasuwa, turmutsutsu kaɗai ya isa ya kashe mutane.

Muka raba abin biyu, haɗawa daban, buɗe hanyar saƙo daban, kuma ba za a buɗe ba sai an zubar da tsofaffin. Muka yi ta gwadawa da lambobinmu, muna kashe janareta muna tayarwa, har muka tabbata ya koyi yin shiru.

Saƙon gaskiya da hantsi ya zo. Mun riga mun ji ƙarar bom ɗin daga wajen tasha, tagogi sun girgiza. Manhajar ta yi aikinta, allo yana nuna wayoyin da saƙo ya shiga. Abokiyar aikina ta jawo kujera ta nemo lambar ƙaninta, wanda ya kai kaya tasha tun da safe. Saƙon bai shiga ba. Ta kira, wayar a kashe. Na ce mata wataƙila sabis ne.

"Kai ma ka san ba sabis ba ne," in ji ta, ta ɗauki jakarta ta fita.

Bayan la'asar aka gano shi a asibiti, cikin waɗanda aka lulluɓe. Da aka gama makoki iyayenta suka rufe shago suka koma kudu. Kafin su tafi ta leƙo ofis, ba ta ko zauna ba. Ta ce in cire lambarsa daga saba, don kamfanin waya zai ba wani mutum daban layin. Na cire tana tsaye.