Malam Ɗalha, wanda ya goya rabin Koki

Kafin ma'aikatan jinya su iso ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na unguwar Koki, Malam Ɗalha Mailafiya ya riga ya share harabar, ya cika randa, ya buɗe tagogi. Daga nan sai ya rataya wani tsohon zanen saƙi mai kauri a ƙusar bayan ƙofa, ya zauna yana jan carbi. Aikin da aka ɗauke shi ke nan: shara, ɗibar ruwa, kiran masu layi. Zanen nan babu wanda ya ba shi, babu kuma wanda yake biyan sa a kansa, amma da shi Koki ta san shi.

Lungunan cikin birni an yi su ne tun lokacin da jaki shi ne babbar mota. Akwai inda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, ga kwata a tsakiya. Mota iyakarta bakin titi. Idan tsoho ya yanke jiki ya faɗi, ko naƙuda ta yi gardama, tsakanin ɗakin mara lafiya da bakin titin nan babu abin hawa sai bayan mutum. Kusan shekara talatin, bayan Malam Ɗalha ne. Namiji goya shi yake yi ya ɗaure da zanen. Mace kuwa a kwantar da ita a ciki a lulluɓe, shi ya kama wajen kai, mijinta ko ɗan'uwanta ya kama wajen ƙafa, su fita da sassarfa.

Baba 'Yardada, tsohuwar ungozomar unguwar, ita ta fi kowa aika masa. "Ni dai ban taɓa aikawa aka dawo aka ce mini yana cin abinci ba," in ji ta. "Akwai wata damina da kwata ta cika har gwiwa, ga yarinya tana zubar da jini, mijin nata sai kuka yake kamar shi ne mai naƙudar. Ɗalha ya ce da shi, 'Kama nan, ka yi kukan muna tafiya.' Yaron da aka haifa ran nan yanzu har ya ajiye gemu." Masu irin wannan labari suna da yawa, kuma duk iri ɗaya suke ƙarewa: an kai mutum titi, an ce Allah ya saka da alheri, kowa ya koma harkarsa. Mutanen birni gwanayen addu'a ne. Tambayar mutum yaya bayansa ya kwana ce ba ta cika zuwa musu ba.

Bayan nasa ya fara magana ne daidai lokacin da ritaya ta matso. Malam Ɗalha bai damu da ritayar ba, abin da yake nuƙurƙusarsa shi ne wa zai ɗauka idan shi ya kasa. A wajen wani mai walda ya ga amsa: babur mai ƙafa uku da aka rage wa faɗi aka ɗora masa gado, wanda zai shiga yawancin lungunan. Ya zaga zaurukan unguwa da maganar. Ya samu addu'a mai tarin yawa.

'Yarsa Bahijja, malamar sakandare a Gwale, ita ta zo da wata dabara. Wata ƙungiyar 'yan wasanni ta shirya gudun yada-ƙanin-wani da zai zagaya birni.

"Baba, mutane sukan shiga irin wannan gudun don a tara wa asibiti kuɗi. In aka ga mutum ya sa jikinsa, hannu ya fi saurin shiga aljihu."

"Gudu? Wa ya biyo su?"

"Babu kowa, Baba. Kilomita arba'in da biyu ne."

"Da kaya a baya?"

"Babu kaya."

"To ai da sauƙi."

Bahijja ta sa maganar a waya, ta yaɗu a tsakanin 'yan Koki na gida da na waje, aka fara turo abin da ya sawwaƙa. Bai kai ba. Sai Alhaji Ramadan, attajirin da kakanninsa suka ƙetaro Sahara da fatauci suka zauna a birni, ya kira Malam Ɗalha zaurensa. Mahaifiyar Alhajin ma ta taɓa fita a cikin zanen nan. "Malam Ɗalha, abin da ya rage ni zan cike," ya ce. "Amma ka san ni, ba na biyan kaya sai an sauke. Ka kai ƙarshe da ƙafarka." Ba rowa ba ce, haka ya gada, kuma a ransa bai yi zaton dattijo mai neman sittin zai kai ba.

Ranar da ya fara atisaye a cikin unguwa, bai kai lungu uku ba mata suka fara leƙowa suna salati, maza suka biyo shi da silifa a hannu suna tambaya, "Gidan wa? Waye ba lafiya?" Shekara da shekaru ba a taɓa ganin Malam Ɗalha da gudu a kan alheri ba. Dole ya mayar da atisayen gindin ganuwa bayan sallar asuba, inda babu wanda ya san shi sai awaki.

Ranar gudun ya fito da dogon wando da hularsa. An yi an yi ya sa gajere irin na sauran, ya ce gwiwarsa ba ta taɓa ganin kasuwa ba, ba kuma yau za ta fara ba. Samari suka tashi kamar an kora su. Shi kuwa ya kama sassarfar da ya saba, wadda ba ta girgiza na baya, ya riƙe ta. Da rana ta ɗaga ya fara wuce waɗanda suka zauna a gefen titi suna haki. Ya gano kuma cewa ya yi wa abin gaggawar hukunci da ya ce da sauƙi, domin lungu yana da ƙarshe kusa, wannan titin kuwa sai ƙara miƙewa yake.

A nan ne Koki ta yi kuskurenta, kuma ƙauna ce ta jawo. Dattawan unguwa sun yanke shawarar su karrama shi. Suka sa manyan riguna, suka shimfiɗa tabarmi a bakin hanya tun daga Ƙofar Nassarawa, inda gudun ya fara gangarawa ƙarshe, suka rarrabu rukuni-rukuni har kusa da wurin gamawa. A rukunin farko aka ajiye Malam Ilu a kan kujera, tsohon da ya koya wa Ɗalha karatu tun yana yaro, wanda rabonsa da fita titi an daɗe.

Malam Ɗalha ya hango rawanin malaminsa tun daga nesa. Ƙafafunsa sun yi nauyi, kuma Bahijja ta ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya tsaya cak. Ya san haka. Amma tunda yake bai taɓa wuce Malam Ilu a tsaye ba, balle da gudu, balle da takalmi. Ya yi tunanin ɗaga hannu kawai, hannun ya ƙi ɗaguwa. Sai ga shi ya ratse, ya kwance igiyar takalman gudu, ya tuɓe su, ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam, barka da hantsi."

"Ɗalha ne? Barka kadai. Ya gajiya?"

"Babu gajiya, Malam."

"Ya iyali? Ya mai ɗakin naka da ƙafar tata?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Aka yi gaisuwa cikakkiya, aka shafa fatiha. Da ya yunƙura zai tashi, jijiyoyin cinyoyinsa suka ɗaure tamau. Ya sake yunƙurawa, ya koma zaune a ƙasa. Motar da take bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza ta tsaya a gefensa, wani ma'aikacin gasar ya leƙo ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari, shigo mu kai ka." Wasu maza suka sunkuya za su cicciɓe shi.

"Kada wanda ya ɗauke ni," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma suka ja da baya.

Tsoro ne ya kama shi a wurin, shi da kansa ya faɗa daga baya. Idan ya shiga motar nan babu babur, kuma bayansa ba zai sake kai wata damina ba. Wani mai ba da agaji na gasar ya durƙusa yana murza masa cinyoyin, yana ba shi ruwan gishiri da sukari. An ɗauki lokaci kafin ya dafa ƙafar kujerar malaminsa ya miƙe, yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu.

Malam Ilu idonsa ya yi rauni, amma kansa garau yake. Ya tambayi na kusa da shi, "Su wa ke gaba?"

"Liman yana nan gaba kaɗan, Malam. Sai mai unguwa da mutanensa. Sai surukinsa, Alhaji Nata'ala."

"Inna lillahi. Ashe mu muka kayar da shi, ga wasu can suna jira su ƙarasa." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Wani ya hau babur ya gaya musu in ji ni, kowa ya tashi ya juya wa titi baya. Wanda bai gan ka ba, ba ka wuce shi ba. Ɗalha, sa takalminka a gabana, na yafe."

Waɗanda suka bi hanyar a ranar sun ga abin da ba su taɓa gani ba: dattawa cikin manyan riguna, jere a bakin titi, kowa ya fuskanci bangon shago kamar ɗaliban da aka yi wa horo, ga wani dattijo yana jan ƙafa a bayansu. Babu wanda ya waiga. Liman ne kawai ya kasa daurewa, ya ce da bangon da ke gabansa, "Allah ya kai ka lafiya." Malam Ɗalha ya amsa amin ɗinsa a ciki, ya wuce.

Ya isa bayan azahar, ana naɗe rumfuna, waɗanda suka ci kyauta sun daɗe da yin wanka. Alhaji Ramadan yana tsaye a rana bai tafi ba. Ya dubi ƙafafun, ya dubi mutumin, ya ce, "An sauke kaya." Washegari mai walda ya fara aiki.

Malam Ɗalha, kai ne ka mayar da bayanka hanya a inda hukuma ba ta yi hanya ba. Kai ne ka shiga ɗakunan da mutane suke ɓoye rauninsu, ka fito ba ka taɓa ba da labarin abin da ka gani ba. Ingarman lungu, ladabinka ya kusa ja maka asarar abin da ka fito nema, kuma ko yau aka sake ajiye maka Malam Ilu a hanya kowa ya san tsugunawa za ka yi.

Babur ɗin ya fara aiki sati kaɗan kafin Malam Ɗalha ya ajiye nasa aikin. Wadda aka fara ɗaukowa wata mai naƙuda ce, Turai, daga can ƙuryar unguwa. Malam Ɗalha yana harabar asibiti da tsintsiya a hannu ya ji ƙarar inji, ya ga an shigo da ita a kwance, mijinta a gefe, 'Yardada a baya. Bai ma san an aika ba. Ya tsaya yana kallo, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, can sai ya je ya riƙe musu ƙofa. Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ta ce ta ga yana share ido, shi kuwa ya ce sharar ce ta shiga.

Koki ta gode, Malam Ɗalha, ko da yake godiyar ta makara. Allah ya ba bayan nan hutu, ya sa abin da ya ɗauka ya zama nauyi a mizani.

Sauran magana ta masu sauran ƙarfi ce. Babur yana kaiwa ƙofar gida, amma ba ya shiga zaure, ba ya hawa bene, kuma akwai lungunan da har gobe ba zai shiga ba. Daga shimfiɗar mara lafiya zuwa inda ya tsaya, sai an sami mai ɗauka. Malam Ɗalha yana zama a ƙofar gidansa kullum bayan la'asar, yana koya wa duk wanda ya zo yadda ake ɗaga mutum ba a fama masa ciwo ba. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai an yi gudu ba. Har zuwa ranar da ake wannan rubutu, waɗanda suka je ba su cika benci ɗaya ba.