Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

A gidanmu na Zariya uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Da wannan kunyar na zo unguwar Peckham a Landan, na adana ta tsaf kamar yadda nake adana daddawata.

Ɗan nawa yana da sikila. Sanyi na shigowa ciwon zai tashi, mu kwana biyu a asibiti a Camberwell, mu dawo gida in zaunar da shi kusa da hita ina koya masa lissafi. Fashin makaranta ya yi yawa, har aka turo wata ma'aikaciya ta duba ko sakaci muke yi da karatunsa. Mijina ya ce, "An yi reporting ɗinmu a council, an kai ƙararmu ƙaramar hukuma. In ta rubuta sakaci, maganar za ta iya kaiwa kotu." Ranar da matar ta zo, ya fice aiki ya bar ni da ita, ga surukata da ta zo ganin jikoki ta hakimce a kujera.

Matar ta ce in ba ta labarin yaron. Na ce, "Wannan? Yana nan dai." Ta tambayi me ya fi iyawa, na ce ci. Surukata ta gyaɗa kai, ta ji daɗin tarbiyyata. Baƙuwa kuwa sai rubutu take, fuskarta na ƙara tsukewa, don ta lura tun shigowarta ban dube shi ba, ban ambaci sunansa ba.

Ta ajiye biro, ta tambaye ni a hankali ko ina jin wahalar kusantar yaron ne.

Nan raina ya ɓaci. Ni da nake raba dare ina matsa masa ƙafa. Na juya wa surukata baya, na kira sunansa ɓaro-ɓaro, na ce ya ɗauko littattafansa. Daga nan bakina ya ɓalle: yadda yake karatu da ƙarin ruwa a hannu, yadda ya wuce 'yan ajinsu a lissafi, yadda ban taɓa ganin yaro mai haƙurinsa ba. Har da ƙwallata.

Matar ta tafi da murmushi, ta ce za a riƙa turo masa aikin aji gida duk ranar da ciwo ya tashi. Surukata ta taɓe baki ta ce, "Landan ta gama da ke, 'yar nan."

Shi kuwa yana tsaye rungume da littattafai, ya ƙura mini ido. Can ya ce, "Mum, say it again."